Moda Kika Ce Ko Moɗa?

Daga ofishin Mai Girma Kwamishinan Iska da Numfashi, mai kula da ƙasar Kazaure da Roni da Gwiwa, har iyakar Babura.

Zuwa ga Hajiya Iya Abu, mai ɗakin shuɗin fenti, gidan da ke daura da tsohuwar rijiya, Roni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin wadda manya ke yi wa manya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, amin.

Ofishinmu yana sane da cewa wannan takarda ba za ta same ki ba. Mun bincika a tasha, babu motar da ke zuwa inda kike. Mun tambayi 'yan acaɓa, sun ce ba su san hanyar ba, kuma ba sa gaggawar saninta. Ko da kina nan ma, ba karatu kike yi ba, sai dai a karanta miki kina gyara wa mai karatun. Duk da haka aiki aiki ne, dole mu rubuta.

Dalilin wannan takarda shi ne, wani jikanki ya shigar da ƙara a gabanmu. Mun dube shi da kyau. Saurayi ne kyakkyawa, mai kunya, mai ladabi, wanda duk Roni babu mai riƙe kan babur kamarsa, kuma bai taɓa yin ƙarya ba sai in ta kama. Ƙararsa a kan wata shuka ce da kika ajiye a ɗakinki, wadda yake zargin ta ƙwace masa matsayi. Da yake zancen na cikin gida ne, mu kuma manya ayyuka sun yi mana yawa, mun miƙa masa alƙalami ya faɗa miki da kansa. Ga shi nan.

Iya, ni ne, Mai Hayaƙinki. Mijinki na farko a cikin jikoki, wanda kullum kike cewa bai iya cefane ba, kuma za ki kai shi gaban alƙali a raba auren. Ga shi yau ni na riga ki zuwa gaban hukuma.

Bari in fara da labarin gida, don na san in ban fara da shi ba, ba za ki saurari sauran ba. Geron gonar bayan dutse ya yi kyau, an yanke. Gyaɗa ce ta ɗan ba da kunya. Jar akuyarki ta haihu, ɗan kamarta sak wajen rashin kunya, tun bai iya tsayuwa ba ya fara leƙa madafa. Goggo Hanne ta koma ɗakinta a Babura, amma tana zagayowa. Ladi mai ƙosai har yanzu in ta zo wucewa ta ƙofar gida sai ta rage tafiya, kamar za ki ƙwala mata kira ki ce na jiya ta rage musu albasa. Ni kuma ina nan. Babur yana nan. Hanyar Gwiwa tana nan da ramukanta, har sun ƙaru.

To, yanzu ga abin da ya kawo ni.

Kin tuna lokacin da Injiniya Bashir, ɗan Goggo Hanne, jikanki mai aiki a Abuja, ya ce ɗakin ƙasa bai dace da kakar injiniya ba? Ya sa aka rushe shi, aka yi na siminti, aka yi silin, aka shafe shi da shuɗin fenti, aka shimfiɗa kafet. Duk unguwa aka zo kallo. Ni na yi ta ɗauko buhunan simintin nan a bayan babur daga Kazaure, har bayana ya sage, amma ban taɓa jin an ce ɗakin da Mai Hayaƙi ya ɗauko wa siminti ba. Ɗakin Injiniya ake cewa.

Ba ki daɗe a ciki ba fukarki ta tashi. Ga warin fenti, ga taga da ake rufewa don kada kafet ya yi datti, ga maganin sauro na kunnawa da ake turara miki. Ƙirjinki ya dinga kuka kamar ƙofar langa-langa. Ni na goya ki a babur zuwa asibiti a Kazaure, kina riƙe da rigata ta baya kina zagina in rage gudu. Likita ya ba ki abin shaƙa. Ya ce a bar taga a buɗe, a daina turaren sauro a koma gidan sauro, a raba ki da hayaƙi kowane iri ne.

Kowane iri, Iya. Tun daga ranar aka hana babur ɗina shiga tsakar gida. Ni kaina aka kafa mini doka: in na dawo daga aiki sai na wanke hannu da fuska, na sauya riga, kafin in leƙo ki, saboda warin fetur. A nan sunan Mai Hayaƙi ya manne mini, har yara a titi da shi suke tsayar da ni.

Sai ga Injiniya ya zo da tukwane a bayan mota. A wajen masu sayar da fulawa a bakin titin Kano ya saye su. Akwai alobera, mai kaurin ganye da ƙaya a gefe, wadda mata ke shafa ruwanta a ƙuna. Akwai wata mai yaɗo a cikin kwalbar ruwa. Akwai wata kamar ciyawa, 'ya'yanta suna reto a bakin tukunya. Sai babbar, mai dogayen ganye a tsaye kamar takubba, da zane a jiki kamar bayan maciji, da rawaya a gefe. Ya tara mu a tsakar gida ya yi mana wa'azi. Ya ce waɗannan shuke-shuke suna shan iskar da mutum ya fitar, suna rage dattin da fenti da hayaƙi ke bari a ɗaki, su ba da mai kyau. Ya ce babbar ta fi sauran haƙuri. Ba ta son ruwa da yawa, ba ta son rana ta doke ta kai tsaye, kuma ko mutane sun yi barci ita ba ta daina aiki. Ya faɗi sunanta da Turanci, dogo kamar sunan maganin allura. Ke kuwa kika dube ta sama da ƙasa kika ce ai moda ce, irin wadda ke fita a inuwar duwatsu, wadda a da mafarauta suke jeme ganyenta su fitar da zare su yi tsarkiyar baka. Na gyara tsayuwa, na ce yau za a yi gardama. Sai kawai ya yi dariya ya ce shi ma daga yau moda zai kira ta. Kin gani? Mutumin nan ko gardama ba ya yi, balle a sami inda za a kama shi.

Ni dai abin da na lura da shi ɗaya ne. Shi ya kawo fentin, shi ya kawo maganin fentin, an gode masa sau biyu.

Kuma kada ki manta, da muka koma asibiti, likita da bakinsa ya ce a ajiye shuke-shuken, ba su da laifi, suna sanyaya ɗaki su sanyaya zuciya, amma kada wani ya ɗauka za su maye gurbin buɗe taga da abin shaƙa. Na maimaita miki maganar nan har kika haddace ta kamar Ƙulhuwallahu. Amma duk wanda ya shigo gaishe ki ya ce kin yi kyan gani, sai ki nuna tukunyar da haɓa ki ce aikin Alhaji ne.

Alhaji, wai. Sunan da kika raɗa wa babbar ke nan, Alhaji Moda. Kika shelanta wa kowa cewa kin yi sabon miji. Ba ya hayaƙi. Ba ya ƙarya. Ba ya buɗe miki kwanon tuwo in kin fita alwala. Ba ya tsayawa a zaure yana kwaikwayon muryar mai unguwa don a shimfiɗa masa tabarma. Mata suna ta dariya, ni ma ina yi. Ai wasa ne, wasan jika da kaka, tun ina goye muke yin sa. Amma Iya, wa ya gaya miki wasa ba ya ciwo?

A kan gadonki ta wajen kai kika sa aka ajiye shi, wurin da nake zama in ina ba ki labarin fasinjoji. Aka mayar da ni bakin ƙofa. Kowace safiya in kin idar da lazimi sai ki jiƙa tsumma ki bi ganyensa ɗaya bayan ɗaya kina gogewa, wai in ƙura ta toshe shi ba zai yi numfashi ba. Ni yaushe rabon da ki shafa kaina? Ranar Juma'a kuma ranar shan ruwansa ce. Ki ɗauki moɗarki ta kan randa, 'yar lotsattsiyar nan ta alminiyam da ba ki yarda kowa ya kai bakinsa ba, ki cika ta, ki sha rabi, ki tsiyaya masa rabi. Ni na ja ruwan daga rijiya, ni na cika randar, shi ake ragewa. Na taɓa shan ruwa da moɗar nan ina yaro, kika bi ni da mafici har ƙofar gida. Shi da ya zo jiya jiyan nan, har kwano ɗaya kuke ci.

Kuma kina yi masa hira. Kada ki musa, na ji da kunnena. Kina ba shi labarin Kazaure ta da, kafin a yi kwalta, da yadda aka kawo ki Roni a kan jaki. Labaran da na yi ta roƙonki kina cewa ba ni da natsuwar saurare. Shi da yake ba shi da bakin katse ki, shi ne mai natsuwa ko?

Ban zauna haka kawai ba, kin sani. Ranar da na kafa masa hulata a kan dogon ganyen, na rataya masa carbi, kika shigo kika ce ai ta fi yi masa kyau, kika hana ni hulata har sati ya zagayo. Ranar da na laɓe a bayan taga na yi kakkaurar murya na ce ni ne Alhaji, na gaji da ruwa, fura da nono nake so, kuma a ba Mai Hayaƙi ya fara ɗanɗanawa, kika amsa da ladabi cewa an gama, ranka ya daɗe. Ina murna sai ga ruwan wanke-wanke ta taga a kaina. Sai na ce to bari in bi ta hanyar Injiniya. Na hau dutsen bayan gari, na yi ta dube-dube a ƙarƙashin itatuwa, ƙaya ta yayyage mini wando, har na samo moda ta daji, na haƙo ta da saiwarta, na dasa a fasasshen tulu na kawo miki. Kika dube ta kika ce wannan ƙanen Alhaji ne na ƙauye, ba shi da rawaya a gefe, a ajiye shi a ƙofar madafa. Yana nan har yau. Kaji sun tone shi, akuya ta taka shi, bai mutu ba. Ni da shi mukan kalli juna.

Da daminar nan ta yi nisa jikinki ya ƙi. Ba fukar kaɗai ba ce, kowa ya gani, tsufa ne ya zo da gaske. Goggo Hanne ta taho daga Babura ta tare a ɗakin. Ranar kasuwar Gwiwa na wanke fuska, na sauya riga, na leƙo ki da safe. Kika buɗe ido kika ce in tafi in nemo na cefane, tunda Alhaji ba ya fita. Na yi dariya na tafi. A tashar Gwiwa waya ta same ni. Na yi gudun da kika yi ta hana ni, ban san ta inda na bi ramukan ba. Na iso an riga an ja miki mayafi.

Su wa ke ɗakin lokacin? Goggo Hanne, da Alhaji.

Bayan sadakar uku Goggo ta kira ni. Ta ce kafin harshenki ya yi nauyi kin bar 'yan saƙonni, cikinsu har da nawa. Ta ce kin ce moɗarki a ba Mai Hayaƙi. Ta miƙo mini ita da hannu biyu. Na karɓa, na yi godiya, har na kai bakin ƙofa sai na tsaya. Na dawo na durƙusa na tambaye ta, Iya moɗa ta ce ko moda? Ta ce ita dai moɗa ta ji. Ta ce muryar ta riga ta yi ƙasa, numfashi yana yanka kalma biyu, amma moɗa ta ji. Shuke-shuke kuwa, in ji ta, ai sai su koma ga wanda ya saye su, in Injiniya ya zo sadakar arba'in zai tafi da abinsa.

Ba na zargin Goggo da komai, Allah ya sani, uwa ce a gare ni. Amma Injiniya ɗanta ne, kuma kunne ma yana da ɓangaren da yake karkata.

Na ɗauko tsohon allona, wanda na tsaya da shi a Tabaraka, na dama tawada, na rubuta su biyun ɗaya a kan ɗaya. Moda da dal. Moɗa da ɗa mai hannu. An ce mini a rubutun boko ma ɗan lanƙwasa ne kawai a kan harafin ya raba su. Harafi ɗaya, Iya. Duk faɗin Hausa ba ki sami abin da za ki bar mini ba sai wanda harafi ɗaya ya raba shi da abokin kishina? Da kin ce tabarma, ko buta, ko akuya, da yanzu na yi barcina. Na kai wa Malam na makarantar allonmu na nuna masa. Ya duba, ya ce rubutun ya yi kyau, da haka na dage da na sauke. Ya ce da moɗar da shukar babu wadda ta kai a ɓata zumunci a kanta, in je in yi miki addu'a, ita ce za ta same ki. Gaskiyarsa. Ina yi, kowace sallah. Amma Malam ba a taɓa sauke shi daga kan gado saboda ganye ba.

Na yi ta juya maganar, a kan babur, a layin mai, a sahun sallah ma, Allah ya yafe mini. In moɗa kika ce, me kike nufi? Cewa ni mai ɗebo ruwa ne, in ci gaba da aikina? Ko kuwa cewa abin da kika hana kowa ya kai bakinsa, ni kika yarje wa? In moda kika ce, ashe kin san duk haushin da nake ji, kika yi ta zuga ni kina kallona? Ashe a ƙarshe ni kika zaɓa, ba mai mota ba? Ko dai da gangan kika cinye harafin, don ki bar ni a tsakiya ki tafi kina dariya? Wannan ya fi kama da ke. Duk wasan da muka yi, ban taɓa cin ki ba.

Da Goggo za ta koma Babura ni ta bar wa mukullin ɗakin, tunda ni ke gidan. Ta ce in dinga buɗe taga, in kula da kayan Injiniya kafin ya zo. Kayan Injiniya. Wato ni ne ɗan aikin Alhaji yanzu. Na ce a raina ai kuwa zai gane kurensa, ba zai ga ko ɗigon ruwa ba. Mai yaɗon na sauya mata ruwan kwalba. Mai kama da ciyawar bakin ganyenta ya fara bushewa, na matsar da ita inda haske yake. Alhaji kuwa ko kallonsa ban yi ba. Yana tsaye abinsa, ko a jikinsa. Da Juma'a ta zo, na dawo daga masallaci, ban san lokacin da na tsinci kaina a bakin randa da moɗar a hannu ba. Na cika, na sha rabi, na tsiyaya masa rabi. Ruwan yana da ɗanɗanon ƙarfe. Ashe haka kike jin sa duk shekarun nan? Na ga ƙura a ganyen, na ce wannan in kika gani za ki yi faɗa. Na jiƙa tsumma. Kada ki yi dariya.

Da arba'in ta matso na shirya yaƙi. Na tsara hujjoji kamar mai zuwa kotu. Har dabara na yi: in ɗauke Alhaji in ɓoye shi a gidan Ladi mai ƙosai, in tuge ƙanensa na ƙauye in dasa a tukunyarsa, in shafa wa gefen ganyen fenti, Injiniya ya tafi da shi Abuja yana yi wa baƙi wa'azi a kansa. Na je ɗakin ajiya neman sauran fenti, sai na tarar shuɗi ne. Ko fentin mutumin nan ba ya ba ni haɗin kai.

Ya zo. Bayan an watse daga addu'a ya ce in buɗe masa ɗakin. Ya cire takalmi, ya shiga, ya zauna a ƙasa kusa da gadon, da shaddarsa da komai. Ni ina tsaye a bakin ƙofa, wurina, hujjojina a baki kamar tsakuwa. Can ya shafa ganyen, ya ga babu ƙura, ya ɗago ya dube ni. Ya tambaye ni ruwa nawa kike ba shi. Na ce rabin moɗa, ranar Juma'a. Ya ce a awo nawa ke nan, don ya auna a can. Na ce ni ban san awo ba, wannan moɗar dai, kuma sai mutum ya fara shan rabin farko. Na ciro ta daga aljihun rigata na nuna masa, don tun ranar da aka ba ni ita a jikina take kwana.

Iya, Injiniya ya yi kuka. Babban mutum, mai direba. Ya rufe fuska da hula ya yi ta yi. Da ya natsu sai ya ce shi tafiye-tafiye sun yi masa yawa, in ya kai Alhaji Abuja a rufaffen gida zai zauna shi kaɗai. Ya ce tunda moɗar tana nan, Alhaji ma a nan ya dace ya zauna. Ya ɗauki 'yar kwalbar mai yaɗo kawai, ya rungume ta ya fita.

Kin ga abin da ya yi mini? Na zo da yaƙi, ya ba ni kyauta. Goggo ta fita tsakar gida tana gaya wa mata irin kirkin ɗanta. Kowa yana cewa Allah ya yi wa Injiniya albarka, ya bar wa ɗan'uwansa. Mata suka kewaye shi suna ba shi haƙuri don ya yi kuka, ni da na yi nawa a bayan dutse babu wanda ya gani sai awaki. An gode masa sau uku ke nan. Kuma wallahi na san da zuciya ɗaya ya yi, shi ne ma abin da ya fi ba ni haushi. Ni ba daga hannunsa na so in karɓa ba. Daga bakinki na so.

Yanzu Alhaji yana ɗakina. Na sa shi inda rana ba ta dukansa. Ina barin taga a buɗe. Babur a zaure yake kwana, ba don wani ya sa ni ba. Abokaina na tasha sun zo sun gani, suna ta yi mini tsiya wai na gaji miji.

Akwai abin da ban gaya wa Goggo ba, ban gaya wa Malam ba, don na san abin da zai ce. Kina tsammani son ganye ne ya sa na nace? Ni da na yi shekara da shekaru ina addu'ar akuya ta shigo ta cinye shi? A wa'azin nan na Injiniya, duk abin da ya faɗa ya bi ta bayan kunnena, sai abu ɗaya. Ya ce shukar tana shan iskar da mutum ya fitar. To ranar nan, ina Gwiwa ina jiran fasinja, shi yana tsaye a kanki. Numfashin da kika fitar na ƙarshe, wa ya karɓa? Ni na goya ki, ni na ja miki ruwa, ni kika zaga fiye da kowa a duniya, amma wanda ba shi da ido balle ya yi hawaye, shi aka bari a wurin. Na san rai yana hannun Allah, ba ya zama a ganye. Na yi karatun da ya kai in san wannan. Amma iska fa? 'Yar iskar nan da ta fito daga ƙirjinki, ina ta je? In akwai inda ta saura a duniyar nan, a jikinsa take. Ta yaya zan bari a sa shi a bayan mota a kai shi Abuja?

Shi ya sa har yanzu ba ma shiri. Ina ba shi ruwa, ina goge shi, amma ba na yi masa hira. Wani lokaci in na idar da sallar asuba nakan matsa kusa da shi in ja numfashi a hankali, ko zai rage mini wani abu. Ba na jin komai sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Marowaci ne, Iya. Kin yi zaɓen miji marar kyauta.

Ya kamata a nan in mayar wa Kwamishina alƙalaminsa ya sa hannu ya buga hatimi. To, Iya, babu wani kwamishina. Babu ofis, dakalin zaure ne, ga babur a gefena yana ɗigar baƙin mai. Alƙalamin na kara ne, ni na fiƙe shi, tawadar ni na dama. Tun daga sallamar farko ni ne. Na yi haka ne don na san halinki: in babban baƙo ya yi sallama kina gyara mayafi ki saurare shi har ya gama, in ni ne sai ki ce in dakata sai kin idar da lazimi. Yau ɗaya na so ki ji ni har ƙarshe.

Hukunci kuwa babu mai yanke shi sai ke, ke kuma kin yi nisa. Zan riƙe su duka biyun har ranar da Allah zai haɗa mu. Ki shirya amsa, don kafin in tambaye ki ya kwanan kabari zan tambaye ki harafin nan.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki, ya yalwata makwancinki, ya sanya miki iskar Aljanna wadda ba ta buƙatar kowane Alhaji ya tace ta. Sai mun zo.

Jikanki, mijinki na farko duk da kin yi sabo,
Sale Mai Hayaƙi, ɗan acaɓa, Roni.